Ƙawancen soja da rikicin maƙwabta: tambayoyin da ake ta yi mana a Kaduna

Tun juyin mulkin Nijar na 2023 zancen nan ya ƙi mutuwa a garin nan. A teburin mai shayi ne, a cikin bas daga Kawo zuwa Kasuwa ne, ko a ƙofar masallaci bayan isha'i, tambayoyin dai su ne su ne, kuma yawanci musu ake yi har a tashi ba wanda ya saurari wani. Waɗanda suka fi maimaituwa na tattara a nan, inda nake da ra'ayi kuma na faɗe shi.

Wai shi ƙawancen sojan nan mene ne takamaimai?

Alkawari ne a rubuce tsakanin ƙasashe cewa in an taɓa ɗaya an taɓa saura. Wanda kowa ya sani shi ne NATO, an kafa ta 1949, yanzu ƙasashe 32 ne a ciki, kuma sashe na 5 na yarjejeniyarsu shi ne ya ce hari kan ɗaya hari ne kan duka. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da sashen, bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka.

Inda ake samun ruɗani, mutane suna haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Akwai wannan alkawarin kare juna. Akwai rundunar haɗin gwiwa da ake kafawa don wani aiki guda, irin ta Tafkin Chadi. Sai kuma ciniki zalla, ka biya a ba ka makami a koya maka amfani da shi. Najeriya ta sayi jiragen Super Tucano 12 daga Amurka waɗanda suka iso 2021, ta sayi JF-17 daga Pakistan, ta sayi jirage marasa matuƙi daga Sin da Turkiyya, amma duk cikinsu ba wanda ya ɗauki alkawarin turo ɗansa ya mutu saboda Birnin Gwari. In ka ji wani ya ce "ai Najeriya ƙawar Amurka ce" ka tambaye shi wanne daga cikin ukun yake nufi.

Najeriya tana cikin wani ƙawance irin wannan?

Da manyan ƙasashen duniya dai a'a, kuma abin yana da tarihi. A 1960 an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, ɗalibai da 'yan adawa suka tayar da ƙura suka ce mulkin mallaka ne ya dawo ta bayan gida, dole gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a 1962. Tun daga nan duk gwamnatin da ta zo tana ɗari-ɗari da batun.

Abin da muke ciki na yankinmu ne. ECOWAS, wadda aka kafa a Legas 1975, tana da yarjejeniyar taimakon juna a fannin tsaro da aka sa wa hannu a Firitawun 1981, kuma a ƙarƙashin ECOWAS ɗin ne sojojinmu suka je Laberiya 1990 da Saliyo da sunan ECOMOG. Duk wanda ya tashi kusa da barikin Ribadu ko Jaji ya san gidajen da maigida ya tafi can bai dawo ba. Sai rundunar Tafkin Chadi, wadda na ware mata tambayarta a ƙasa.

In maƙwabci ya rikice, me ƙawance yake iya yi a aikace?

Hanyoyin ba su da yawa fa. Ko dai ka tura soja can a tare fitinar kafin ta iso gidanka, kamar yadda Faransa ta yi a Mali a Janairun 2013 da Najeriya a Laberiya. Ko ka zauna gida ka tsare iyaka. Ko ka horar da sojan maƙwabcin ka ba shi kayan aiki da bayanan sirri ya yi yaƙin da kansa. Ko ka matsa wa masu mulkin can da takunkumi.

Ta farko tana saurin nuna sakamako, a watannin farko za ka ga an ƙwato garuruwa ana ta murna ana ɗaga tuta, amma riƙe wurin shi ne aiki, kuma in baƙon soja ya daɗe mutanen gari su kan fara tambayar me ya zaunar da shi. Faransa ta shiga Mali ana yi mata tafi, 2022 ta fita ana ƙona tutarta. Ta biyu kuwa, iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno, yawanci fili ne fetal da gonaki, wani ƙauyen ma rijiyarsa tana wannan ƙasa maƙabartarsa tana waccan, to wa zai tsare wannan? Ta uku ita ce mai araha kuma ita manyan ƙasashe suka fi so yanzu, sai dai sojan da ka horar yau shi ne gobe yake iya juya bindiga ya nufi fadar shugaban ƙasa. Batun takunkumi kuwa yana cikin amsar tambayar ECOWAS da Nijar a ƙasa.

To mu a Kaduna ina ruwanmu, tunda ba mu da iyaka da kowace ƙasa?

A taswira ba mu da ita, a daji muna da ita. Dajin Kamuku na Birnin Gwari a haɗe yake da Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ga Rugu ta Katsina, ta kudu kuma abin ya gangara Shiroro da Kainji a jihar Neja har ya kusa iyakar Binin. Mutum a kan babur da jarkar fetur ɗaure a baya, wanda ya san hanyar shanu, yana iya tasowa daga bakin iyaka ya iso Giwa ko Chikun bai taka kwalta ba sai dai ya tsallaka ta. Ta nan bindiga ke shigowa, ta nan shanun sata ke fita.

Kuma mun ga abin da idonmu. Nan ne hedikwatar Runduna ta Ɗaya, nan NDA take, ga Jaji, ga sansanin sojan sama a Mando, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, amma a Agustan 2021 aka shiga har cikin NDA aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya, 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja, Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga. Wanda ya bi hanyar Birnin Gwari a shekarun nan ya san zaman jiran rakiya: motoci su yi layi tun safe, direbobi a tsaitsaye suna leƙen hanya, ba mai motsawa sai motar soja ta shige gaba, fasinja kuwa kowa ya yi tsit sai laɓɓa ke motsi. Ansaru da ta yi kaka-gida a wannan daji tana da alaƙa da Alƙa'ida ta yankin Sahel, ba ƙungiyar unguwa ba ce. A Agustan 2025 ne Nuhu Ribadu ya sanar da kama manyanta biyu, Abu Bara'a da Malam Mamuda.

Ita rundunar Tafkin Chadi yaya take aiki, kuma me ya hana ta gama da Boko Haram?

Asalinta tun 1994 ne a matsayin rundunar Najeriya mai maganin 'yan fashin kan iyaka, 1998 Chadi da Nijar suka shigo. Hedikwatarta tana Baga har Janairun 2015 da Boko Haram ta mamaye garin, shi ne aka sake mata fasali da amincewar Tarayyar Afirka, aka mayar da hedikwata Injamena, Kamaru da Binin suka shigo, kwamanda kuma kullum ɗan Najeriya ne. An raba ta shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a Nijar. Kuma a yi adalci, ta yi aiki. A farkon 2015 sojojin Chadi ne suka shigo suka ƙwato Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak, lokacin da abin ya kai mana iya wuya.

Amma sunan "haɗin gwiwa" ya fi abin da ke ƙasa girma. Kowace shiyya sojan ƙasar ne a cikin ƙasarsa, albashinsa da umarninsa daga babban birninsa suke zuwa, kwamandan Injamena sau da yawa roƙo yake yi da daidaitawa, ba umarni ba. A haɗu a yi babban farmaki na 'yan makonni, mayaƙan su watse cikin tsibirai, kowa ya koma barikinsa, su dawo. Batun kuɗi kuwa sak adashi ne da kowa ke son ɗauka ba mai son zubi: Buhari ya yi alkawarin dala miliyan 100 a 2015, Tarayyar Turai tana bayarwa ta hannun Tarayyar Afirka amma kafin kuɗin su zama mota da fetur an daɗe. Shi ya sa Chadi take yawan yin fushi. Bayan harin Bohoma na Maris 2020 da ya kashe mata soja kusan ɗari, Idris Debi ya fito ya ce su kaɗai aka bar wa wahala, ɗansa Mahamat ma ya yi barazanar janyewa a ƙarshen 2024 bayan an kashe masa wajen arba'in a Barkaram.

Sannan akwai tsohon tabo. Mun yi rikicin Bakasi da Kamaru har kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, mun gwabza da Chadi a kan tsibiran tafkin a 1983, lokacin Buhari ne kwamandan rundunar Jos. Sojan da aka koya wa cewa wancan abokin gaba ne, ba rana ɗaya zai miƙa masa bayanan sirrinsa ba.

Da gaske Nijar ta fice daga rundunar? Me hakan ya jawo?

Eh, a Maris 2025 ta sanar, ta ce za ta mayar da hankali kan tsaron wuraren man feturinta. Shiyyar Diffa ke nan ta fita daga lissafi, ita ce kuma ke toshe arewacin Borno da Yobe ta kogin Komadugu.

A ganina ɓarnar da ta fi shafar mu ta riga wannan, kuma ta yamma take. Kafin juyin mulki sojojin ƙasashen biyu suna sintiri tare a iyakar Sakkwato, Zamfara da Katsina, kwamandan Maraɗi yana iya ɗaga waya ya kira takwaransa na wannan gefen. Da aka ɓata abin ya yi sanyi. Hedikwatar tsaron Najeriya da bakinta ta faɗa a Nuwamban 2024 cewa Lakurawa sun samu kafa ne ta wannan giɓin. Ba sababbi ba ne, mutanen Tangaza da Gudu sun san su shekaru kafin nan, amma bazuwarsu har Augie a Kebbi bayan ɓatawar ce. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 ya zauna da takwaransa aka sa hannu a takarda, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ma ya je a Afrilun 2025, to amma tsakanin ziyarar biyu ne Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya fito ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, kun ga irin yardar da ta rage.

Me ya sa ECOWAS ba ta afka wa Nijar ba a 2023, alhali ta kori Jamme a Gambiya?

Gambiya 'yar mitsitsiya ce, Sanagal ta kewaye ta, Jamme ya faɗi zaɓe a fili, sojojinsa ma ba su da niyyar mutuwa dominsa, shi ya sa a Janairun 2017 ya tattara ya tafi ba a yi wani yaƙi ba. Nijar kuwa ta fi Najeriya faɗin ƙasa. An kifar da Bazoum 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda, 10 ga Agusta ta ce a shirya rundunar ko-ta-kwana, Mali da Burkina suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Amma abin da ya karya maganar a gida yake. Majalisar dattawa ta ƙi, sanatocin arewa suka ƙi, malamai a kan mumbari suka ƙi. Wa za ka harba a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni? Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ai tarihinsu ɗaya da namu, kakar wani tana can, ƙanwar wani tana aure can. Sai aka koma aike: Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi, Sarki Sanusi, tawagar malamai ƙarƙashin Shehu Bala Lau.

Takunkumin dai an saka, an rufe iyaka, an yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 na lantarkinta daga gare mu. Sojojin Yamai ko gezau, talaka ne ya sha. Tireloli suka yi layi a Illela da Jibiya da Maigatari, kayan gwari suna ruɓewa a cikin buhu direba yana kwana a ƙarƙashin mota, masu kawo dabbobi Zangon Tudun Wada suka koma bin ɓarauniyar hanya suna biyan kowane shinge, kuɗin kuma a kan mai saye ya ƙare. Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Maris aka buɗe iyaka, Bazoum bai koma kujera ba, an kuma yi asarar ƙasashe uku. Ni dai ban ga ribar da aka ci ba. A Disamban 2025 da wasu sojoji suka gwada juyin mulki a Binin, Najeriya ta tura jirage nan take bisa roƙon gwamnatin can abin ya mutu a rana ɗaya, wato in za a yi, a awannin farko ake yi kuma da gayyata.

Su kuma AES, ƙawancen Mali, Burkina Faso da Nijar, ba ga shi sun kori Turawa sun tsaya da ƙafarsu ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kawo faɗa, musamman da samarin da suka cika wayarsu da bidiyon Ibrahim Traore, shugaban mulkin sojan Burkina Faso. Ga abin da ya faru: Mali, Burkina Faso da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma 16 ga Satumban 2023 cewa hari kan ɗaya hari ne kan duka, Janairun 2024 suka ce sun bar ECOWAS, Yulin 2024 suka zama ƙungiyar tarayya a taron Yamai, ficewar ta tabbata 29 ga Janairun 2025, suka kuma sanar da rundunar haɗin gwiwa mai soja 5,000. Kafin nan sun rusa ƙawancen G5 Sahel da aka kafa 2014 tare da Chadi da Muritaniya. A tsari abin yana da ma'ana, don inda iyakokinsu uku suka haɗu nan ne cibiyar fitinar. Fushinsu da Faransa ma ba daga sama ya faɗo ba.

Amma tsaro fa da gawa ake auna shi, ba da jawabi ba. Rahoton ta'addanci na duniya na 2025 ya nuna fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a yankin Sahel suke. JNIM, reshen Alƙa'ida na Sahel da Iyad Ag Ghali ke jagoranta, ta kai hari har cikin Bamako a Satumban 2024, daga Satumban 2025 kuma ta dinga ƙona tankokin mai a hanya har babban birnin ya shiga layin fetur aka rufe makarantu. A Burkina garuruwa irin Djibo sun daɗe a kewaye, abinci sai da ayarin soja ko ta sama. Abin da na ga ƙawancen ya fi iyawa shi ne kare masu mulkin daga matsin waje. ECOWAS ma in ka duba, ta fi zafi a kan kujerar shugaba fiye da ƙauyen da aka ƙona, laifin nasu kusan ɗaya ne.

Gaskiya ne NATO ce ta jawo mana duk wannan da ta kashe Gaddafi?

Tana da kaso babba, amma ba duka ba. A 2011 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 na kare farar hula a Libiya, Najeriya ma tana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, wannan mutane ba su cika sani ba. NATO ta yi luguden wuta, aka kashe Gaddafi a Oktoba, kowa ya kama gabansa ba wanda ya tsare rumbunan makamai. Buzayen da ke cikin sojansa suka koma arewacin Mali da motoci da manyan bindigogi, 2012 arewacin ƙasar ya faɗi, daga nan abin ya yi ta gangarowa. Obama da kansa ya ce rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskurensa.

Sai dai Boko Haram ta yi tawayenta a Maiduguri tun 2009, Gaddafi yana raye. Rikicin Zamfara kuma daga satar shanu, cinye burtali, 'yan sa-kai da zaluncin alƙalai da masu gari ya taso. Makaman da ke dajinmu ma ba duka daga Libiya suke ba, da yawa an ƙwace su ne daga barikokin da aka mamaye a yankin, wasu kuma ɓata-gari cikin masu kaki ne ke sayarwa.

To yanzu mene ne shirin NATO a kan yankinmu?

Hankalinta yana kan Rasha, wannan shi ne na ɗaya da na biyu. Ƙasashen kudancin Turai, Sifen da Italiya musamman, su ke ta jan hankali a dubi kudu saboda 'yan ci-rani da ke bi ta Agadas zuwa Libiya da kuma shigowar Rasha. Shi ya sa aka buɗe wata cibiyar nazarin kudu a Napoli 2017, takardar manufofin da suka fitar a Madrid 2022 ta ambaci Sahel, 2024 kuma aka naɗa wakili na musamman kan maƙwabtan kudu, Javier Colomina, ɗan Sifen. A Sahel abokiyar hulɗarsu ita ce Muritaniya. Horo ne da taro da musayar bayanai, ba tura bataliya ba. Kuma a riƙa bambancewa: rundunar Barkhane da ta yi yaƙi a Sahel ta Faransa ce ba ta NATO ba, sansanin Agadas na Amurka ne, rundunar kiyaye zaman lafiya ta MINUSMA da ta bar Mali a ƙarshen 2023 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce.

An ce za a dawo da sansanin Faransa ko Amurka arewacin Najeriya, haka ne?

Maganar ta taso ne bayan Faransa ta fice daga Nijar a Disamban 2023, Amurka kuma ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙi a Agadas a 2024, wanda ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen ginawa. A Mayun 2024 wasu dattawa da malaman jami'a na arewa suka rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa suna gargaɗi, ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce ba wannan maganar. Da Tchiani ya maimaita zargin a Disamban 2024 Ribadu ya ƙaryata. Faransa dai ja da baya take ta yi, ta bar Chadi, ta miƙa sansanoninta a Kwaddibuwa da Sanagal duk a 2025.

Amurka kuwa wani zance ne. Ranar Kirsimetin 2025 ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi. Ba sai an kafa sansani mai tuta ba kafin baƙo ya yi harbi a ƙasarka. Tambayar da ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa yi ita ce wa ke zaɓar inda za a harba, kuma wa za a kama in an yi kuskure. Ku duba amsar jirage marasa matuƙi.

Me zai hana mu ma mu kira Rasha?

Mali ta kira. Sojojin hayar Wagner sun iso ƙarshen 2021, sun taimaka an ƙwato Kidal a Nuwamban 2023, wannan gaskiya ne. Amma a Moura, Maris 2022, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 yawancinsu farar hula, a Tinzawatan kuma Yulin 2024 aka yi musu kwanton ɓauna suka yi mummunar asara. Yunin 2025 Wagner ta ce ta tafi, wata rundunar da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha ta gaje ta. Mu ma mun taɓa ɗauko sojojin haya daga Afirka ta Kudu a farkon 2015, sun yi 'yan watanni, kwangila ta ƙare suka tafi.

Jirage marasa matuƙi da bayanan sirrin ƙawaye ba za su rage mana wahala ba?

Suna taimakawa wajen ganin ayarin babura a daji, ba musu. Amma mu a Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgin sojan ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 aka binne, yawanci mata da yara. Wanda ke kallon allo ya ga taron mutane da dare, bai san daren Mauludi ba ne, da akwai wanda ya ɗaga waya ya tambayi mai unguwa da ba a kai ga haka ba. To in namu da ke cikin jihar ya kasa bambancewa, ina ga wanda ke zaune a wata nahiya? Irin bayanin da ke da amfani yana bakin mai sayar da burodi da mai cajin waya da direban da aka tare jiya, su kuma ba sa magana sai sun tabbata ba za a tona su wurin infoma ba.

In an yi sulhu a Birnin Gwari, ina amfanin duk wannan ƙawancen?

Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a ƙarshen 2024 ya sa an buɗe kasuwar shanu, hanya ta samu sauƙi, manoma sun koma gonakin da suka bari, wanda ke can ne zai gaya maka darajar wannan. Amma bindigar da ba a karɓe ba tana nan, kuma mai ita yana iya yin shiru a Kaduna ya je ya yi aiki a Neja ko Katsina. Mun ga irin haka a 2021, da Zamfara ta katse sabis ɗin waya ta hana sayar da fetur a jarka ta rufe kasuwannin mako, sai suka kwararo maƙwabta, dole Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu. Abin da ke faruwa tsakanin jihohi shi ne ke faruwa tsakanin ƙasashe, in Nijar ta matsa su gangaro, in mun matsa su haura. Su 'yan dajin suna aron mayaƙa da makamai a junansu ba tare da wani taron ƙoli ba. Shi ya sa nake cewa a duk ƙawancen da aka lissafa a sama, wanda zai canja wa mutumin Giwa rayuwa shi ne na Abuja da Yamai, ko da kuwa shugabannin ba sa ga maciji.

Ina da kaya ko 'yan uwa a Maraɗi, ficewarsu daga ECOWAS ta hana ni zuwa?

Ba ta hana ba. Ranar da ficewar ta tabbata ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku da barin su shige da fice har sai an sake sanarwa, su ma AES sun ce ƙofarsu a buɗe take ga mutanen ECOWAS ba biza. Sun fito da nasu fasfon a Janairun 2025, sun kuma sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, in kai ɗan kasuwa ne ka sa shi a lissafi.

Abin da ke takarda daban, abin da jandarma zai ce maka a shinge daban, bincike ya ƙaru sosai tun bayan juyin mulki. Ka tafi da fasfo in kana da shi, ka riƙe katin rigakafi, takardun mota da na kaya su zama cikakku, ka canji sefa tun a wannan gefen. Ka je tashar Kawo ka tambayi direbobin Katsina halin da hanyar Funtuwa da ta Jibiya ke ciki a ranar, ka kuma tsara tafiyarka yadda la'asar za ta same ka ka riga ka tsallaka Ɗan Isa.